Abin da Za a Sassaƙa a Dutsen Shama'un

Lhokseumawe, farkon Afrilu 2002

Zuwa ga Cut Kak Zainabon, malamar makarantar Alue Bungong,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawar da ta dace da matsayinki na babbar yaya, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ki durƙusa a madadina ki gaida Miwa Ramlah, ki tambayar min ita ciwon gwiwa. Abokan aikina kan tambaye ni yadda muke da ku, in na ce kakanni muka haɗa sai su ce ai dangantaka ce mai nisa. Ni kuwa sai in ce musu nisan bai hana mahaifiyarki, Miwa, goya ni ba lokacin da tawa ta rasu. Ni lafiyata ƙalau, in ban da cikina da har yanzu bai rattaba hannu kan yarjejeniyar sulhu da abincin Turawa ba.

Ina mai farin cikin sanar da ke cewa an tabbatar da ni a matsayin Mataimakin Jami'in Hulɗa da Fassara a ofishin tsaro na kamfanin gas. Don Allah kada ki bari mutanen gari su taƙaita wannan muƙami su ce tafinta. Ni gada ce tsakanin wayewar kai guda biyu, da ta uku mai ɗauke da bindiga.

Wani fannin ilimi ya buɗe min a nan wanda jami'a ba ta koyar da ni ba, na kuma raɗa masa suna ilimin laƙabi. Maudu'insa shi ne sunayen da ake kiran waɗanda mu a gida muke ce wa mutanen tudu, wato masu yaƙi da gwamnati daga kan duwatsu. Takardun hukuma na ce musu gungun masu dagula tsaro. Sojojin da aka kawo daga Jawa ba su da lokacin doguwar magana, ɓeraye kawai suke cewa. Turawan da ke cin abinci a kantinmu, saboda ladabi irin nasu, maƙwabta suke cewa: wai maƙwabta sun sake yanke wayar lantarki. Shi kuwa shugabana, Mista Harlan, wanda ya taɓa aiki a kan iyakar Afganistan, ya kama kalmar mujahidi ya gutsure mata jiki kamar kifi, ya bar kai kawai, yana cewa muj. Ya ce a can kalmar yabo ce, lokacin da ake yaƙi da Rashawa, su Rashawan kuma fatalwa suke kiransu. Ki dubi wannan abin mamaki: mutum ɗaya, da silifas ɗaya, amma kowane harshe da rigar da ya ɗinka masa.

Ga misali daga fagen aiki. Ranar Talata Laftanar Sugeng, mai kula da shingen babbar gada, ya shigo da takalma duk laka, ya ɗora hularsa a kan teburina.

"Farfesa," in ji shi, don haka suke kirana, "gaya wa ubangidanka ya yi barci har da minshari. Jiya mun ɗana tarko a gonar roba, ɓeraye biyu sun faɗa."

Na juya wa Mista Harlan. Bai ko ɗago daga kofin gahawarsa ba ya ce, "Muj biyu? Madalla. Tambaye shi ko direbobina za su iya bi ta can gobe."

"Su bi," in ji Laftanar, "amma in sun zo shinge su manta da kwalin taba a kan benci. Mantuwa ba laifi ba ce."

Ni kuma na zauna na rubuta a rahoto cewa an kawar da mutum biyu daga cikin gungun masu dagula tsaro. Mista Harlan ya ce bai taɓa samun mai alƙalami irina ba.

Na aiko da wannan ta hannun Bang Leman direba, tare da maganin shafawa na Miwa. Ki kuma gaishe min da ɗan Miwa, ɓeran gidanmu, Shama'un, in ya saɗaɗo daga tudu neman shinkafa da busasshen kifi. Ki ce masa Farfesa ya ce ba a juyin juya hali da ilimin aji huɗu.

Ƙaninki mai biyayya,
Fakrurrazi bin Hanafiah, mai digiri a harshen Ingilishi


Alue Bungong, tsakiyar Afrilu

Dek Razi,

Wa alaikumus salam. Muna nan da rai. Gwiwar Miwa da sauƙi, maganin ya iso, an gode.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shama'un ya rasu. Yana ɗaya daga cikin mutum biyun gonar roba. Maza sun ji tsoron zuwa, mu mata muka cire ƙyauren ɗakin girki muka ɗauko shi a kai. Tengku Ilyas limami ya duba shi ya ce ba za a yi masa wanka ba, ba za a canja masa tufa ba. Da rigar da ya faɗi da ita aka sa shi a ƙasa. Na rubuta maka a ranar, amma an rufe hanya, mota ba ta fita ba, takardar tana nan a ƙarƙashin tabarmata.

Yanzu zan gaya maka abin da ya faru da taka takardar, kuma zan faɗa a jere don kada fushi ya sa in tsallake wani abu.

Ranar sadakar bakwai aka buɗe hanya. Gida cike, an shimfiɗa tabarmi har ƙarƙashin bene, an sauke babbar tukunyar miyar akuya. Sai ga Bang Leman da ambulan a hannu. Bai san abin da ke ciki ba, ya ɗaga shi sama ya ce, "Ga ta'aziyyar Razi daga birni." Ka san al'adarmu, takardar da ta shigo gidan makoki ba ta mutum ɗaya ba ce, liman ake miƙa wa ya karanta wa kowa. Miwa ta share hawaye ta ce, "Ku yi shiru, ɗana mai digiri ya rubuto."

Tengku ya gyara tabarau ya fara. Da farko mutane na gyaɗa kai, sun zaci shimfiɗa kake yi kafin ka shiga ta'aziyya. Har tsoho Apa Dolah ya ce, "Kai, yaron nan ya haɗiye ƙamus da bangonsa." Aka yi ɗan murmushi, na farko a gidan tun ranar. Da aka zo kan ɓeraye, murmushin ya ɗauke. Da aka zo gonar roba, Tengku ya yi tari, ya juya takardar, ya fara karanta gaisuwar ƙarshe.

Miwa ta ce, "Tengku, numfashinka ya tsallake wuri. Koma."

"Ramlah, sauran ba na taro ba ne."

"Ni na goya shi. Koma."

Ya koma. Ya karanta har saƙonka ga ɓeran gidanmu, har sunanka da digirinka. Babu wanda ya taɓa miyar nan. Kawu Bantasham ya miƙe ya rantse cewa in ƙafarka ta sake taka tsanin gidan nan shi zai sare tsanin.

Na san ba ka sani ba lokacin da kake rubutawa. Na faɗa musu. Kawu ya ce rashin sani ya wanke ka daga yi wa gawa dariya, bai wanke ka daga yi wa mai rai ba.

Sai shekaranjiya Miwa ta yi magana, muna tsince shinkafa. Ga maganarta yadda ta faɗa: "Tunda shi ya san duk sunayen da ake kiran ɗana, shi zai zaɓi wanda za a sassaƙa a dutsensa. Ya sa a yi a birni, ya kawo ranar dasa dutse."

Ranar ta arba'in da huɗu ce bayan rasuwa, kamar yadda ka sani. Na isar.

Yayarka,
Zainabon


Lhokseumawe, ƙarshen Afrilu

Cut Kak mai daraja,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna samun haƙuri. Ni dai jikina lafiya. Bang Leman ya miƙo min takardarki. Allah Ya jiƙan Shama'un, Ya yalwata masa makwanci. Shi ya koya min iyo a rafin bayan masallaci, shi ya sha duka a madadina ranar da na fasa fitilar Tengku. Na shiga banɗakin ofis na kunna famfo don kada a ji kukana. Babu wata kalma a harsuna ukun da na sani da za ta ɗauki nauyin nadamata, kuma na nema.

Sai dai a cikin wannan duhu na ga haske a ƙarshen takardarki. Na fahimci cewa Miwa, da faɗin zuciyar da aka san ta da shi, ta yi min afuwa, har ta ɗora min amanar da ba a ɗora wa kowa sai wanda aka yarda da fasaharsa. Na karɓi wannan karramawa da hannu biyu. Na riga na je wurin masassaƙi a bayan kasuwar kifi, na zaɓi farin dutse guda biyu, na kai da na ƙafa. Bayan nazari mai zurfi da gyare-gyare, ga abin da na tsara:

"Nan ne makwancin Shama'un bin Yahaya, ɗan wannan ƙasa, wanda guguwar tarihi ta ɗauke a tsakiyar ƙuruciyarsa, a wani zamani da ra'ayoyi suka saɓa."

Ki lura da hikimar ginin jumlar. Soja zai karanta bai ga abin fushi ba, mutanen tudu za su karanta ba su ga abin zargi ba, masana kuma za su yaba da balagarta. Masassaƙin ya ce rubutun ya yi wa dutsen yawa, na ce masa ya rage girman haruffa, ba a rage ma'ana don dutse.

Ki karanta wa Miwa, ki aiko min da amincewarta kafin a sa ƙarfe.

Ƙaninki mai baƙin ciki,
Fakrurrazi


Alue Bungong, farkon Mayu

Dek Razi,

Wa alaikumus salam. Lafiya muke. Ruwa ya yi yawa, kabarin ya ɗan lotsa, an ƙara ƙasa.

Wannan karon na tari Bang Leman a bakin hanya na karɓi takardar da kaina. Ban karanta wa Miwa ba, kuma ba zan karanta ba. Guguwa ba ta riƙe bindiga, Dek. Ni na wanke ƙyauren nan, na san ba iska ce ta ɓata shi ba.

Ka karanta maganar Miwa da idon mai neman yabo. Ba ta yafe ba, ba ta kuma ƙi yafewa ba. Tambaya ta yi maka. Gari ya binne Shama'un a matsayin shahidi. Abin da ya rage shi ne ko kalmar za ta hau dutse a gaban sunansa, ko ba za ta hau ba. Ka san abin da ya faru a ƙauyen da ke gaba da mu: sojoji sun ga kalmar a wani dutse, suka farfasa shi, suka tafi da mai gari, ya dawo ba ya ji da kunne ɗaya. Ka kuma san dutsen nan ta babbar gada zai bi, a gaban abokinka mai hula.

Ba ta ce ka rubuta ba, ba ta ce kada ka rubuta ba. Duk abin da ka kawo za a dasa. Amma da shi za ta san ko tana da sauran ɗa.

Zainabon


Lhokseumawe, tsakiyar Mayu

Cut Kak,

Assalamu alaikum. Ina gaida ku, ina gaida Miwa in za ta karɓa. Na yi zazzaɓi kwana biyu, ya sauka.

Na jinkirta amsa ne don mas'alar ta fi ƙarfin alƙalamina, kuma wannan ne karo na farko da na furta irin wannan jumla. Zan gaya miki gaskiya ko da za ta ƙara min laifi. Ban tabbata kalmar ta dace ba. Rahotannin da ke bi ta teburina ba na ɓangare ɗaya ba ne. Na fassara labarin malamin da aka harbe a gaban ɗalibansa don yana koyar da harshen gwamnati, na fassara na direban da aka ƙona masa mota don ya ƙi ba da abin da aka nema. Ke malama ce, kin san dalilin da ya sa kike cire rigar aiki kafin ki hau hanya. Ban san abin da hannun Shama'un ya yi a tudu ba, ke ma ba ki sani ba. Wane ne ni da zan yanke hukuncin da yake na Allah?

Mista Harlan ya lura na rame, ya tambaya, na gaya masa. Ya cire tabarau ya ce, "Ayya, yaro. Ashe ɗan'uwanka muj ne?"

Na ce, "Sunansa Shama'un, ranka ya daɗe. Kuma kalmar da kake gutsurewa tana da sauran jiki."

Na zaci zai yi fushi. Sai ya daɗe yana kallon taswirar bango, sannan ya ce, "Ka san abin da ya sa muke gajarta ta? Don mu iya cin abincin rana. In na tsaya faɗin sunan kowa da na uwarsa, ba zan kai Juma'a a wannan aiki ba. Ka tambayi naku mutanen abin da suke kiran yaran Sugeng, za ka ji su ma gajere ne."

Bai yi ƙarya ba, Cut Kak. Mun san abin da muke kiransu in sun ba da baya. Na koma teburina na ga cewa duk ilimin da na yi ta alfahari da shi dabara ce ta hana baki daɗewa a kan mutum, kuma tawa doguwar jumlar ita ma aikin da take yi ke nan, ta hanya mai nisa.

Ga inda na tsaya. Ba ni na hana a yi masa wanka ba, Tengku ne, kuma gari ya bi shi a kan haka. Yana kwance da rigarsa. Dutse ba fatawa ba ne, alama ce ta abin da ke ƙarƙashinsa, kuma bai kamata na sama ya ƙaryata na ƙasa ba. Karɓa ko ƙi yana wurin Wanda Ya san abin da ya faru a tudu. Na sa masassaƙi ya rubuta: Ash-shahid Shama'un bin Yahaya. Ya dube ni ya ce, "Ni dai ban taɓa ganinka ba, kuma wannan ba hannuna ba ne."

Na karɓi hutun kwana uku. Zan taho da Bang Leman ranar jajibirin dasa dutse, in Allah Ya so.

Fakrurrazi


Lhokseumawe, ranar dasa dutse

Cut Kak,

Assalamu alaikum. Lafiyata ƙalau, ba a taɓa ni ba, kada ki ji wani labari ki tsorata. A yanzu da nake rubutu na san kuna maƙabarta, ni kuma ina ɗakina. Dutsen ya riga takardar nan isowa, kin ga yadda yake. Ina so ki ji yadda aka yi daga bakina.

Mun naɗe duwatsun a farin ƙyalle muka sa a ƙarƙashin buhunan gishiri. Shinge biyu muka wuce lafiya. A babbar gada, da hantsi, aka sauke kowa. Wani kurtu ya soka hannu ya ji tauri, ya kira Laftanar Sugeng. Da ya gan ni sai ya washe baki.

"A'a, Farfesa! Yau kai ne a motar kaji? Ina motar kamfani mai sanyi?"

"Gida za ni, ranka ya daɗe. Rasuwa aka yi mana."

"Allah Ya jiƙa. Buɗe mu gani, mu ma mu yi addu'a."

Na kwance ƙyallen. Ya iya karatun Larabci, ya fi ni ma. Ya bi rubutun da yatsa, dariyar ta bar fuskarsa.

"Na gonar roba?"

"Shi ne."

"Kai ka rubuta min rahoton. Me ka kira shi a ciki?"

Na gaya masa.

"To yau kuma ya zama wannan? Farfesa, baki nawa gare ka?" Yaransa suka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce, "A watan jiya na sa wani sojana, Paimin, a akwati na aika wa uwarsa. Shekararsa goma sha tara, bai taɓa barin salla ba. Uwar ta rubuto tana tambaya ko za ta iya sa wannan kalmar a kabarinsa. In naka shahidi ne, nawa mene ne? Kai ne mai ƙamus, gaya min."

 Abin da na iya cewa shi ne, "Ta sa, ranka ya daɗe. Ita ma uwa ce."

 Sai ya ce don sanayya zai ba ni zaɓi: ko a jefa dutsen a kogi yadda yake, ko in cire kalmar da hannuna sauran ya wuce. Ya ce in ya bar ta ta wuce, gobe wani ne zai gan ta a maƙabarta, wanda bai san Farfesa ba, kuma mai garinku ne zai biya.

Na yi tunanin in ce a jefa, in tsira da mutuncina a idon Kawu. Sai na tuna cewa yau za ku tsaya a kan kabari da hannu wofi. Bang Leman ya ciro guduma da ƙarfen cire taya. Na durƙusa a bakin titi, fasinjoji na kallo, na yi ta sara. Ban iya ba, ƙarfen yana zamewa, sau da yawa yatsuna na samu maimakon dutse. Kurtun nan yana cewa, "A hankali, Farfesa, kada ka goge digirin." Laftanar ya daka masa tsawa ya yi shiru. Da na gama, ya duba ramin ya ce mota ta wuce, amma ban da ni. Ya ce ba zai bar ma'aikacin kamfani ya shiga yankin ba, in wani abu ya same ni shi za a tambaya. Ya sa ni a motarsu aka maido ni.

Ni na rubuta, ni na goge. Ban san wanne Miwa za ta ɗauka a matsayin amsata ba, kuma ba ni da jumlar da zan gyara wannan da ita. Ki yi haƙuri da munin rubutun, alƙalamin ba ya zama a hannuna.

Razi


Alue Bungong, farkon Yuni

Dek Razi,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. An fara dashen shinkafa, Miwa ma ta fita ta zauna a kan kunya tana ba da umarni.

Takardunka biyu tare suka iso, bayan an gama komai, don Bang Leman ya ji tsoron ɗaukar takarda a kwanakin nan. Saboda haka ranar da ya sauke dutsen ba mu san komai ba sai abin da ido ya gani: ba ka zo ba, ga kuma rami a gaban sunan, kamar an ƙwaƙule ido.

Kawu Bantasham ya fara. Ya ce, "Kun gani? Ya aiko mana da sa hannun iyayen gidansa. A jefar da shi, a ɗauko na rafi irin na kakanninmu." Wasu suka goyi bayansa. Tengku kuwa na ga ya sauke ajiyar zuciya, don shi ma bai yi barcin kirki ba saboda tunanin abin da za ka kawo. An riga an shimfiɗa farin ƙyalle, ga ruwan lemun tsami na wanke dutse, ga shinkafa mai danƙo a faranti, ana ta musu a kan kabari.

Miwa ta ce a kai ta kusa. Ka san idonta ba ya ganin rubutu yanzu. Ta durƙusa da gwiwar nan, ta shafa sunan, ta kai kan ramin, ta sa yatsa a ciki.

"Leman, me ke nan da?"

Bang Leman ya waiga hagu da dama, don ba a san kunnen kowa ba, sannan ya faɗa a hankali.

"Wa ya sa aka rubuta?"

"Razi."

"Wa ya cire?"

"Shi, Miwa. A kan gada, da bindigogi a kansa. In bai cire ba kogi za a jefa."

"Ya iya riƙe guduma?"

"Ina fa! Rabin dukan a hannunsa ya ƙare. Dubi ƙyallen, ba tsatsa ba ce wannan."

Ta juya ga Kawu ta ce, "Bantasham, kai da ka iya rantsuwa, ranar da aka ɗauko shi daga gonar roba kana ina?" Kawu ya sunkuyar da kai. Ta ce wa Tengku, "A wanke, a dasa. Kada a cike ramin."

Aka dasa. Bayan kwana biyu sojoji suka zo duba maƙabarta, suka tsaya a kansa, suka yi ta kallo, ba su sami abin fasawa ba suka tafi. Mai gari yana nan da kunnuwansa biyu. Kawu har yanzu yana cewa ka ji tsoro, wasu na cewa ka yi dabara, ni kuma ban ce ko ɗaya ba. Duk wanda ya je ziyara sai ya sa yatsa a wurin, babu wanda ke tambayar abin da ke nan da.

Jiya na karanta wa Miwa takardunka a ɗakin girki, mu biyu kawai, ban tsallake komai ba, har maganar malamin da aka harbe. A nan ta ce in dakata, daga baya ta ce in ci gaba. Da na zo kan yaron nan Paimin ta tambaye ni sunan uwarsa, na ce ba ka rubuta ba. Ta ce ka tambayo.

Na ce mata, "To me zan rubuta masa?"

Ta ce, "Ki ce ya riƙa shafa man kwakwa a hannun, kada ya bari ya yi ruwa. In an buɗe hanya ya zo ya ga ɗan'uwansa."

Tsanin yana nan, ba a sare ba.

Yayarka,
Zainabon